Ruwan Ɗauraya

Shekara bakwai na yi ina wanke kyamarar duba ciki a wani ɗan asibiti na bakin titi, tsakanin ƙauyenmu da Dawakin Tofa. Ban san adadin wankin da na yi mata ba, amma na san sau ɗaya tak na kauce wa ƙa'ida. Mutumin da aka zura wa ita bayan wannan wankin bai ƙara kwana goma a duniya ba. Har yau ban san ko ni ce sanadinsa ba, kuma na gaji da yi wa kaina ƙaryar cewa wata rana zan sani.

Mai asibitin ɗan yankinmu ne. Ya yi aikin likita a birni har ya fara furfura, sannan ya dawo ya gina ɗakuna shida a gefen gonar mahaifinsa. Likita kawai muke ce masa, babba da yaro. Da damina dawa takan yi tsayi har ta rufe tagar ɗakin da nake aiki, in riƙa jin hirar masu noma ta bayan katanga. Nan wurinmu babu daji, gona ce ta jingina da gona, gida ya jingina da gida. Duk wanda aka kwantar a asibitin nan, in ban san shi ba to na san uwarsa ko surukarsa.

Kyamarar baƙar aba ce doguwa mai lanƙwasuwa, kaurinta bai fi ɗan yatsa ba, da fitila da ɗan ido a bakinta. Ta baki ake zura wa mutum ita har tumbi, Likita yana kallon cikinsa a talabijin. Tana da sunanta na Turanci, amma mutanenmu tiyo suke cewa, ni ma tiyo nake cewa. Guda ɗaya gare mu. Shi ya sa in an fitar da shi daga cikin wani, ba wanda za a sake yi wa sai na gama da shi, ko da hakimi ne yake jira a benci.

Da shara da wankin zannuwan gado na fara, bayan aurena ya mutu na dawo gidan Baba. Ni kuwa Allah ya yi ni da masifar tsafta. Ni ce mai sake wanke kwanon da wata ta wanke, a gaban idonta, in ta yi magana mu kwashe ta. Likita ya lura da wannan hali, ya ce maimakon in riƙa gallabar ma'aikatansa da shi, gara ya kai ni inda zai yi amfani. Wata uku yana tsaye a kaina kafin ya bar ni ni kaɗai da tiyon.

Aikin yana da tsari, kuma ba a tsallake komai. Ana zare tiyon daga bakin mara lafiya zan goge shi da soso, in sa ya zuƙi ruwan sabulu tun majina da jini ba su bushe a ciki ba. In kai shi ɗakina, in hura masa iska, in nutsa shi a baho in zuba ido. In kumfa ta taso daga jikinsa, to ya huje, aiki ya tsaya. In shiru, sai in ɗauki buroshi mai siririyar waya in bi hanyoyin da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya, in zura in zaro, in zura in zaro, har buroshin ya fito fes. Daga nan in ɗauraye, in jiƙa shi a maganin kashe ƙwayoyin cuta minti ashirin cif da agogo. Maganin nan yana da wari mai hawa kai, yana sa hawaye, in ya taɓa fata ya bar tabo, don haka ba a barin ko ɗigonsa ya bi tiyon zuwa cikin mutum. Dole a yi ɗauraya ta ƙarshe, ciki da waje, sannan a bi da iska da sifirit, a rataye shi a kabad ya tsane.

Ruwan wannan ɗaurayar daban yake. Ni nake tafasa shi a kan gas, in tace, in zuba a fararen jarkoki biyu in toshe. Likita ya sha gaya mini, "Wannan ruwan shi ne yake shiga cikin mutum. In ya ɓaci, duk wahalar da kika sha a baya ta tashi a banza." Ina cewa to. Na haddace maganar tsaf, amma can ƙasan zuciyata akwai wani karatun da ya riga ta zama.

Baba malami ne. Magidanta yake koyarwa a zaure bayan la'asar, in sun dawo daga gona, ni kuma tun ina ƙarama nake zama ta bayan ƙofa da tsintar wakena ina saurare. Babin tsarki na fi duk ɗalibansa riƙewa. Ruwa, in ji Baba, abu uku ake duba masa: launinsa da warinsa da ɗanɗanonsa. Matuƙar ba wanda ya sauya a cikinsu, ruwa ne mai tsarki mai tsarkakewa, a yi alwala da shi a tsaya gaban Ubangiji. A kan wannan aka raine mu. Da shi nake auna ruwan rijiya da na randa da na rafi, kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Katangarmu ɗaya da wani dattijo manomin albasa. Ba mu haɗa jini ba, amma Baffa na tashi ina ce masa, matarsa kuma Gwaggo. Gwaggo ce ta yi mini kitson farko, ita ce kuma ta zo ta zauna kusa da ni ranar da na dawo da takardar saki har na gama kukana. Baffa a ruwan fadama ya ƙare ƙuruciyarsa, tsargiya ta kama shi tun yana saurayi, da girma ya zo sai ta taɓa masa hanta. Wata shekara ya yi aman jini a gona. Likita ya ce jijiyoyin bakin tumbinsa ne suka kumbura, yana so ya leƙa da tiyo ya ɗaure su tun ba su fashe gaba ɗaya ba. Baffa ya ce allambaran ba da shi ba.

Ba tsoro ne ya hana shi ba, ƙyanƙyami ne. Mutum ne da ko da kofin masallaci ba ya shan ruwa. Gwaggo ta roƙe ni in yi masa magana, na same shi a ƙofar gida yana ɗinke mangalar jakinsa.

Na ce, "Baffa, me ya sa kake wahalar da Gwaggo?"

Ya ce, "Ke 'yar Malam, ki ji tsoron Allah. Abin da ya shiga cikin mutum ɗari, ya sha majinar kowa da kowa, shi za a cusa mini a baki? Gara in mutu da tumbina a rufe."

"Wa ya ce maka ba a wankewa?"

"Wankin asibiti? Ai na san shi. A tsoma a tsame."

Nan fa na hau. Na ce, "Ni ce nake wankewa, Baffa, da hannun nan. Ka taɓa ganin na tsoma na tsame?"

Ya ɗago ya dube ni, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ke da ko tsintsiya sai kin wanke kafin ki yi shara? To in dai ke ce, zan yi tunani."

Tunanin ya ɗauke shi wata biyar. Kullum sai ya ce a bari ya cire albasa.

Ranar wata Talata ce a tsakiyar bazara. Injin burtsatsenmu ya ƙone, tankin sama ya bushe, masu kura ne suke kawo mana ruwa daga rijiya. Rijiyar ta yi ƙasa, ruwan yana zuwa ja-ja da laka. Gas kuma ya ƙare tun Litinin, an tafi cikowa ba a dawo ba. Ban damu ba, don na san jarkokina biyu suna nan, kuma mutum biyu kawai aka rubuta. Na gama da na farko, jarka ɗaya ta tafi. Aka yi wa na biyu, na wanke tiyon na jiƙa shi a magani, na duba agogo, sannan na miƙa hannu in jawo jarka ta biyu. Sai na ji ta sakayau. Ashe da safe wata mata ta haihu, nas ɗinmu ta shigo ta ɗebe ruwan ba ta gaya mini ba.

Na ɗaura zani zan je mu yi ta da nas ɗin kenan, sai na ji hayaniya a ƙofa. Baffa aka shigo da shi ranga-ranga, gaban rigarsa jage-jage da jini, Gwaggo tana biye ba takalmi a ƙafarta. Likita ya leƙo ɗakina ya ce, "Saura minti nawa?" Na ce shida. Ya ce, "Kada ki ƙara ko ɗaya a kai, jininsa yana sauka."

Ban gaya masa babu ruwa ba. Na sha tambayar kaina dalili, kuma amsar ba ta da daɗi. Girman kai ne. Shekara huɗu ke nan a lokacin ban taɓa ce wa Likita babu ba, ban taɓa sa shi jira ba, ina alfahari da hakan har ina yi wa sauran gori. Na ga ba zan fara a kan Baffa ba.

A bayan asibitin akwai ɗan masallaci na langa-langa, da shuɗin duro da ake tara ruwan alwala a ciki. Na ɗauki bokiti mai tsafta na ruga. Ruwan duron ya daɗe a zaune, ya kwanta garau. Na ɗiba a tafin hannu na duba shi a hasken rana, ba launi. Na shinshina, ba wari. Na kurɓa, ba ɗanɗanon komai sai sanyi. Wallahi ko ɗar ban ji ba. A raina cewa na yi, ruwan da Likita kansa yake alwala da shi ya fuskanci alƙibla, wane ne tiyo da zai fi ƙarfinsa? Na yi bisimilla na cika bokiti. Na ɗauraye tiyon ciki da waje da wannan ruwan, ba lokacin busarwa, da danshinsa na kai.

Baffa yana kwance a gefensa, fuskarsa ta yi fari fat. Da ya gan ni riƙe da tiyon sai ya motsa leɓe. Na sunkuya.

Ya ce, "'Yar Malam, ke kika wanke?"

Na ce, "Ni ce, Baffa."

Sai ya rufe ido ya buɗe baki.

Likita ya ɗaure jijiya huɗu da 'yan robobi, jinin ya tsaya. Babban ɗan Baffa ya ba da jini aka ƙara masa. Kwana biyu aka sallame shi, ya koma gida da ƙafarsa. Gwaggo ta miƙo mana kwandon albasa ta saman katanga, tana ta sa mini albarka. Ni kuwa sai yawo nake a asibiti ina hura hanci. Ban ba kowa labarin duron ba, ba don ɓoyo ba, don ban ga abin faɗa a ciki ba.

Kwana na biyar zazzaɓi ya rufe shi, da rawar sanyi a tsakiyar wannan zafin. Cikinsa ya kumbura, ya fara sambatu yana kiran jakinsa. Aka dawo da shi, aka sa masa ruwa da allurai, abin bai yi ba, Likita ya tura su birni. Ranar kwana na tara da hantsi aka dawo da gawarsa. Na yi kuka irin na maƙwabciya, na taya dafa abincin masu zaman makoki, na wanke kwanukan da hannuna. Ko a lokacin zuciyata ba ta je kan ruwan ba.

Sai bayan mako biyu, da aka gyara burtsatse. Ina wucewa da zannuwa zan shanya, na tarar mai gadi ya kwantar da shuɗin duron zai wanke. Ragowar ruwan yana malala a ƙasa. Jikin duron ta ciki duk santsi ne, kore mai duhu, kauri guda, 'ya'yan sauro suna mutsu-mutsu a cikin laka. A can gindi kuma ga wani ƙadangare da ya mutu har ya fara narkewa. Mai gadi ya toshe hanci ya ce, "Kai, rabon duron nan da wanki tun azumin bara." Ban san ranar da ƙadangaren ya faɗa ba. Wataƙila bayan Talatar ne, wataƙila kafin ta. Zannuwan suka zube daga hannuna a cikin ruwan, na tsaya ina kallonsu suna jiƙewa.

Da na ɗago kai, idona ya sauka a tsallaken titi. Mai shayi yana nan inda yake kullum, butarsa tana tafasa tun safe har yamma. Daga ƙofar asibiti zuwa teburinsa taku arba'in ne, na ƙirga daga baya, ba sau ɗaya ba. Da a ce na miƙa masa bokiti, da ya cika mini da tafasasshen ruwa, in fifita shi ya huce. Ko tunaninsa bai zo mini ba ranar, saboda a idona ruwan da na samu ba shi da aibi. Wanda ya samu mai tsarki me zai je nema a tsallaken titi?

Ranar na shiga ofishin Likita na rufe ƙofa, na gaya masa komai. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Na ce, "Likita, don Allah ka gaya mini gaskiya. Ni na kashe shi?"

Ya ce, "Masu irin ciwonsa, in sun yi aman jini haka, da yawa zazzaɓin nan yana kama su ko da an yi komai daidai. Jikinsu ba ya iya faɗa da cuta. Ba zan ce miki ke ce ba."

Na fara sauke numfashi.

Ya ce, "Ba kuma zan ce miki ba ke ba ce. Ruwan nan yana iya ɗaukar abin da ido ba ya gani, harshe ba ya ji. Ban sani ba, kuma ba mai iya sani yanzu." Ya ce shi ma yana da nasa kason, tunda shi ya bar asibitinsa ba gas ba ruwa. Bai kore ni ba, bai ko ɗaga mini murya ba. Na so a ce ya zage ni, da na samu abin riƙewa.

Ban ga fatalwa ba, kada wani ya ce na ce. Amma daga ranar ɗakin wankin nan ya daina zama nawa ni kaɗai. Lokacin da nake nutsa tiyon a baho ina jiran kumfa, dole in yi tsit in kafa ido, to a wannan shirun nake jin kamar mutum yana tsaye a bayana yana kallon hannuna. Da rana tsaka, ana hira a waje, awaki suna kuka a gonar baya. Wani lokaci har in ji wannan dariyar mai haɗe da tari. In juya, ba kowa sai kabad. In na kai tiyon wurin Likita kuwa, mara lafiya ya buɗe baki, sai in kau da kai in fice. Na koma tafasa ruwa sau biyu, ina ɗauraya sau uku sau huɗu, mutane suna ta tsaki a benci. Na sa wa jarkokina kwaɗo, makullin a bakin zanina. Duk wanda ya taɓa ƙofar ɗakin nan sai ya ji bakina, har nas ɗin ta daina gaishe ni.

Gida ma ba sauƙi. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ina jin dakan Gwaggo, ina jin tarinta, ina jin jakin Baffa yana kuka da hantsi, lokacin da aka saba ɗora masa mangala.

Da abin ya ishe ni, wata rana bayan la'asar na jira ɗaliban Baba suka watse, na shiga zaure na durƙusa. Na ba shi labari tun daga jarka har ƙadangare. Na ce, "Baba, na duba launi, na duba wari, na duba ɗanɗano, yadda ka koyar."

Baba ya rufe littafin da ke gabansa a hankali. Ban taɓa ganin ya tsufa ba sai ranar. Ya ce, "Abin da na koyar gaskiya ne, amma na sallah ne. Ruwan da za a tsaya gaban Allah da shi na sani. Wanda za a zura a cikin mara lafiya ba fannina ba ne, mai fannin kuma ya gaya miki nasa, kika ajiye kika ɗauki nawa." Sannan ya ce, "Da na san kina bayan ƙofa kina ji, da na riƙa faɗar iyakarsa."

Na tambaye shi ko azumin kaffara ya hau kaina, wata biyu a jere, irin na wanda ya kashe rai bisa kuskure. Ya ce ba a ɗora wa mutum kaffara a kan shakka, tunda likitan ma bai tabbatar ba. Na ce ni dai zan yi. Ya ce ba zai hana ni ba. Na ce kuma zan je in gaya wa Gwaggo, in nemi yafiyarta. Nan ya ɗago ya kalle ni sosai.

Ya ce, "Wa za ki sauƙaƙa wa, ita ko ke?"

Na tashi na fita daga zauren.

Na yi azumin. Ruwan farko ya sauka ina ciki, aka yi shuka ina ciki, aka yi noman fari ina ciki. Mutanen gida suka ɗauka ramuwa ce ta taru mini, ƙanwata tana tsokanata wai ko shekara uku na sha. Ina tsaye a kan warin maganin nan da bushasshen maƙogwaro, kaina yana juyawa, ina jin daɗin wahalar, don gani nake kamar ana rage mini wani abu. Ranar da na cika sittin na sha ruwa, washegari na shiga ɗakin wanki na nutsa tiyon a baho, na yi tsit. Mai tsayuwa a bayana yana nan inda yake.

Sai na ce to, haƙƙin Allah na yi iya yina, saura na masu rai. Na san abin da Baba ya tambaye ni, na kuma san amsar, amma ni mutum ce mai kafiya. Na bari Gwaggo ta fita takaba. Da kaka ta kama, wata ranar Alhamis da hantsi, na zagaya na yi sallama. Na same ta ita kaɗai a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa a faifai. Ta yi murna da ganina, ta turo mini kujera 'yar tsuguno, ta ce in sa hannu. Na sa hannu, muka yi ta ɓara. Sai da na ga gyaɗar ta kusa ƙarewa sannan na fara magana, idona a kan faifai.

Ban rage komai ba. Na faɗi jarkar, na faɗi duron, na faɗi mai shayi, na faɗi abin da Likita ya ce, duka biyun. Hannun Gwaggo bai tsaya ba har na kai aya. Da na yi shiru sai ta ci gaba da lalube a faifan, alhali ba sauran gyaɗa sai ɓawo.

Can ta ce, "To ke ce ko ba ke ba ce?"

Na ce, "Ban sani ba, Gwaggo."

"Likitan ma bai sani ba?"

"Bai sani ba."

Ta kaɗa kai. Ta ce, "Wata shida ina zaune da mutuwar da Allah ya aiko. Na yi kukana, na haƙura, har na fara barci. Yau kin zo kin karɓe ta, kin ba ni wata wadda ban san inda zan ajiye ta ba." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi hawaye ba. Ni ce nake ta kuka kamar ni aka yi wa laifi, har na ji kunyar kaina.

Ta bari na gama. Sannan ta ce, "Na yafe miki duniya da lahira. Kwanansa ne ya ƙare. Amma kada 'ya'yansa su ji, kin ji ko? Su ba za su iya ɗauka ba. Tashi ki je, Allah ya yi miki albarka."

Na ƙara shekara uku a asibitin, har ƙirjina ya daina ɗaukar warin maganin, Likita ya ce in huta. Wadda ta gaje ni ni na koya mata, kuma abu na farko da na sa ta maimaita shi ne yadda za ta buɗe baki ta ce babu.

Gwaggo ta riƙe maganarta. Ba wanda ya taɓa ji daga bakinta, ba ta taɓa sauya mini fuska ba. In na yi rashin lafiya ita ce ta farkon shigowa, in an yi suna ko biki a gidansu ni ake fara aikowa. Tana shigowa gidanmu yadda ta saba, a shimfiɗa mata tabarma, ni kuma in tashi in kawo mata ruwa, yadda ake yi wa duk wanda ya shigo. Takan karɓa da hannu biyu, ta ce sannu, Allah ya yi albarka, ta ajiye kofin a gefen tabarma. A yi hira a gama, ta tashi ta tafi, kofin yana nan a cike. Na daɗe ina ce wa kaina ba ta jin ƙishirwa ne. Sai wata rana ina daka ƙanwata ta riga ni kawowa, na ga Gwaggo ta kafa kai ta shanye tas, har ta nemi ƙari.

Ban san ko tana sane ba. Na fi zaton ba ta sane, kuma wannan ya fi ci mini rai. Ban taɓa yi mata maganar ba, ban kuma taɓa barin wani ya riga ni tashi ba tun daga ranar. Shekaranjiya ma ta shigo da azahar, rana tana dukan ƙasa, leɓenta a bushe. Na wanke kofi na ɗebo mata mai sanyi daga randa, ta karɓa ta gode. Da ta tafi na ɗauka na juye wa kaji.